Ranar da Ragon Dogara Ya Gudu a Kan Taya

Duk wanda ya taɓa zama shan shayi a Xiaobei, unguwar 'yan kasuwar Afirka a ƙasar Sin, ya san Dogara. In bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa, don bawan Allahn nan ko a cikin lifta yake, magana yake yi kamar yana kiran wani a tsallaken titi. Mutumin Fagge ne, dillalin kaya. Ka zo daga gida kana neman fanka ko tocila ko takalma, shi zai kai ka masana'anta ya tsaya maka a ciniki. Cinikin nan kuwa shi ne abin taƙamarsa. Yana da wata dabara da ya raɗa wa suna "a bar fuska, a rage ciki". Sai ya ɗauki kaya mai kyau ya ce wa mai masana'anta ya yi masa irinsa sak a ido, amma duk abin da mai saye ba zai lura da shi ba a shago, a cire. Ya sha cewa da wannan dabarar ya haskaka rabin Kano da tocila. Abin da ba ya faɗa shi ne tsawon lokacin da hasken ya yi.

Gidan da yake haya tsohon bene ne a wani lungu mai matsi, inda za ka iya miƙa hannu ta taga ka karɓi gishiri a gidan da ke kallonku. Rana ba ta shiga ɗakunan sam. Abin da ya sa ake haƙurin zaman gidan shi ne saman benen: fili ne a buɗe, can ake shanya, can ake shan iska. Ga Hasiya kuwa, matar Dogara, saman benen nan shi ne duniyarta. Bara ya ɗauko ta daga Kano, ba ta san kowa ba, kuma a duk yaren garin kalma ɗaya ta iya, "meyo", wato babu, saboda ita ake faɗa mata a duk shagon da ta nemi daddawa. In kewar gida ta taso mata, sai ta hau sama ta baza kuɓewarta a rana, ta kira mahaifiyarta, ta kalli sararin Allah har zuciyarta ta sauka.

Mai gidan wata tsohuwa ce 'yar gajeruwa, kowa Ayi yake ce mata, yadda mutanen garin suke kiran duk matar da ta manyanta. Ita ma tana da harka a saman, don ta jera akwatunan soso a kusurwa tana shuka ganye da albasa. Ta ba 'yan haya mukulli ɗaya, yana hannun Dogara don shi ya fi daɗewa. Sai dai akwai sharaɗi. A Sallar bara Maidaji, wani ɗan Maraɗi da ke hawa na uku, ya hura gawayi a can, hayaƙi ya shiga shanyar maƙwabta, aka yi ta surutu. Tun ranar Ayi ta ce in ta sake ganin hayaƙi ko na sigari ne, za ta karɓe mukullinta ta garƙame ƙofa, kowa ya shanya kayansa a kan gadonsa.

To sai ga Babbar Sallah ta matso. Maidaji da Zakaria, ɗan Kumasi mai tura kaya ta jirgin ruwa, duk sun aika an yi musu layya a gida. Dogara ne kaɗai zai yanka a nan, don haka idon gidan gaba ɗaya a kan ragonsa yake. Hasiya ta ce abin ai mai sauƙi ne, a yayyanka a kawo mata, ta soye shi a tukunya yadda ake yi a gida, a hau sama a ci cikin rufin asiri. Dogara ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce suya a tukunya ai aikin ƙauye ne, shi murhun gashi na gas zai sayo, irin mai murfi da taya, wanda ko ƙuda ba zai ji hayaƙinsa ba. Rago ɗungurungum zai ɗora, ya gayyato mutanen Xiaobei, a ɗauka a waya a tura Kano su ga yadda ake Sallah a ƙasar ilimi.

"Maigida, ka taɓa gashi da gas kuwa?" in ji Hasiya.

"Ni da na sayar da risho kwantena-kwantena?"

Ta ce sayarwa daban, kunnawa daban. Ta roƙe shi abu ɗaya, duk abin da zai yi kada ya jawo musu rasa saman benen, don in aka rufe shi ita ba ta san inda za ta sa ranta ba. Ya buga ƙirji ya ce mukullin nan sai dai a binne shi da shi.

Washegari ya shiga jirgin ƙasa zuwa garin Foshan, ya nufi wata masana'anta da ya saba kai baƙi. Lawban, wato maigidan wurin, ya nuna masa wani murhu mai kyan gaske, baƙi wuluk, babba kamar akwatin lefe. Ta manhajar fassara ta waya ya yi masa bayani dalla-dalla: ga maɓallin da ke kunna wuta da kansa, ga tiren da ke tare kitse kada ya zuba a wuta, ga birkin taya, ga mariƙin murfi na ƙarfe da ba ya ɗaukar zafi, ga agogon da ke nuna zafin ciki. Mutum mai hankali da ya biya ya ɗauki abinsa. Amma Dogara da ya ji farashi, sai tsohon ciwonsa ya motsa. Ya manta shaf cewa wannan karon shi ne mai sayen.

Ya ce maɓallin kunnawa na ragwaye ne, akwai ashana, a cire. Tire kuma wa zai leƙa ƙarƙashi? A cire. Birki, murhu ne ko tasi? A cire. Mariƙi a sa na roba mai kalar ƙarfe. Agogo kuma a bar shi a ido kawai, lawban ya san yadda ake yi. Don farashin ya ƙara sauka, ya yi ƙaryar da ya saba, ya ce wannan samfur ne, in ya yi kyau kwantena zai cika.

Lawban ya tambaya ko Afirka za a kai. Dogara ya ce ƙwarai. Ya sake tambaya ko da nisa. Dogara ya ce nisa ma kuwa, jirgin ruwa sai ya gaji. Sai fuskar lawban ta saki, ya ce to babu matsala. A tunaninsa kayan zai bi ta tashar jiragen ruwa ta Nansha ya tafi inda ba za a taɓa dawo masa da shi ba.

Ana jajiberin Sallah aka kawo murhu. Zakaria da Maidaji ne suka hau da shi bene, Dogara yana gaba yana ba da umarni, hannunsa ɗauke da takardar kwali kawai. Zakaria ya ce shi fa abin nan ya yi masa rashin nauyi, kamar gwangwanin madara. Dogara ya ce ai ci gaban ke nan, ƙarfen jirgin sama ne, ba kowa ake sayar wa ba. Suka sa tukunyar gas a gurbinta a ƙarƙashi, suka haɗa tiyo. Maidaji ya ce a gwada tun yau. Dogara ya ce kayan da shi ya zaɓa da idonsa ba ya bukatar gwaji, gwaji ai zargi ne.

Ranar Sallah bayan an sauko idi, aka je bayan gari inda ake yanka, aka dawo da rago a feɗe. Dogara ya shiga wanka. Kafin ya fito, Hasiya ta sa wuƙa ta cire cinya guda da hanta, ta aza tukunya. Da ya ga ragonsa da ƙafa uku, saura kaɗan ya faɗi. Ya ce ta ɓata masa hoto, wa ya taɓa ganin gurgun rago a bidiyo? Ta ce naman layya akwai rabon maƙwabta a ciki, ko a Sin ne ko a Fagge, kuma Ayi maƙwabciya ce. Ta soya ta barbaɗa yajin da ta zo da shi daga gida, ta zuba a kwano ta sauka ta kai wa tsohuwar. Dogara ya yi ta ƙunƙuni, daga ƙarshe ya yanke shawarar zai juya ɓangaren da ba ƙafa ya kalli bango.

Da la'asar saman bene ya cika. 'Yan Kano, 'yan Zinder, 'yan zangon Accra, har da wasu da ba a gayyata ba, ƙamshin labari ya kawo su. Dogara ya fito cikin farar babbar riga, ya ɗora doguwar hular masu dafa abinci a otal. Ya ba wani waya ya ce ya riƙe, ana kallo kai tsaye daga Fagge.

Ya murɗa gas, murfi a rufe. Sannan ya fara jawabi. Ya yi bayanin illar gawayi, ya ɗan taɓa Maidaji da zolaya, ya kawo tarihin zuwansa Sin. Gas dai yana ta tsiyaya a ciki yana jiransa. Sai da ya gama ya tuna babu maɓalli, ya shiga lalube aljihu, aka miƙo masa ashana. Ya ɗaga murfi, ya sunkuya sosai don kyamara ta ɗauke shi, ya ƙyasta.

Fuu! Wuta ta yi tsalle ta gaishe shi. Da ya ɗago, babu gira ko ɗaya, gashin baki saura ɓari guda, hular otal kuma ta tashi ta faɗa lungu. Mata suka yi salati. Dogara ya shafa fuska, ya ji wayam, amma ya juya ga kyamara ya ce jama'ar Kano su shaida, wannan shi ake kira gas mai ƙarfi, ba irin na gida da ake lallashi ba.

Aka ɗora rago, aka rufe. Ya nuna wa mutane agogo, allura tana tsaye cak a kan kore. Ya ce muddin tana nan, ko barci mutum ya yi ba abin da zai faru. Aka ɗan zauna ana hira. Ragon kuwa mai kitse ne, Dogara da kansa ya zaɓi wanda ya fi kowanne maiƙo. Kitse ya narke, ya nemi tire bai samu ba, ya zarce kan wuta.

Hasiya ce ta fara ganin hayaƙin. Siriri ne da fari, yana fitowa ta gefen murfi. Ta ce maigida a kashe. Ya ce wannan ba hayaƙi ba ne, tururi ne, ta dubi agogo. Kafin ya rufe baki tururin ya koma baƙi ƙirin, ya turnuƙe, ya nufi tagogin maƙwabta. Aka fara jin ana buɗe tagogi ana zazzaga masifa da yaren da ba sai an fassara ba. Fentin murhun ya soma kumbura yana fashewa ɓus-ɓus.

"Patoro, buɗe mana, ragon nan yana cin wuta," in ji Maidaji, don haka 'yan Maraɗi suke kiran maigida.

"Kai da ka ƙona shanyar mutane bara za ka koya mini?"

Ya dai kama mariƙi ya ja. Mariƙin ya biyo hannunsa, ya miƙe zarara kamar cingam, murfi kuwa ko motsi. Ya yi ta yarfe hannu yana tsalle da ƙafa ɗaya, yana cewa ba zafi, ba zafi. Zakaria ya ce a rufe tukunyar gas. Dogara ya ce kada wanda ya taɓa masa kaya, murfin ya ɗan cije ne, ya san maganinsa. Ya tattare babbar riga, ya ja da baya, ya sakar wa murhun ƙafa.

To, saman benen nan ba a miƙe yake ba, an ɗan karkata shi don ruwan sama ya gangara kusurwa. Murhu kuma ga taya huɗu sababbi, ba birki. Sai ya yi ƙiiii, ya kama hanya.

Jama'a, ragon da aka yanka da safe, ga shi da la'asar yana gudu. Mutane suka watse, wani ya haye tankin ruwa, wani ya shige bayan matarsa. Murhu ya bi ta kan tabarma, ya ture butar shayi, ya ratsa ƙarƙashin igiyar shanya ya fito da wandon Maidaji a kansa. Dogara yana biye da shi, riga a hannu, yana kiran a tare, a tare, kamar wanda akuya ta kuɓuce wa a kasuwa. Babu wanda ya tare. Mai riƙe da waya kuwa amana ya riƙe, bai sauke hannu ba, Fagge tana kallo.

A kusurwa ya tsaya, cikin akwatunan Ayi. Ya rugurguza su, ƙasa ta watse, albasa ta yi sama. Karon ne ya ɓalle murfin, wuta ta tashi. Hasiya ce ta duƙa ta zura hannu ƙarƙashi ta murɗe kan tukunyar gas, sannan ta ja baya tana haki.

Daidai nan Ayi ta bayyana a ƙofa, rungume da jar tukunyar kashe gobara da ta kusa kai ta tsawo. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta zare fil ta feshe murhu, ta feshe rago, da Dogara ya matso zai yi bayani ta haɗa da shi. Da ƙurar ta lafa, ga rago baƙi a ciki fari a waje, ga Dogara fari fat tun daga kai har ƙafa, idanu kawai ke motsi.

Zakaria ya matsa ya leƙa agogon, ya ga har yanzu allura tana kan kore. Ya sa farce ya ɓantaro shi. Sitika ce. Ya ɗaga ta sama kowa ya gani, ya tambayi Dogara a ina ya sayi wannan abu. Dogara ya ce Sinawa ne suka cuce shi, gobe zai je ya rufe musu masana'anta. Sai wayarsa ta yi ƙara a hannun mai ɗauka, ashe lawban ne ya turo saƙon murya, mutumin kuma ya danna fassara a fili. Lawban yana gaisuwa, yana cewa an cire duk abubuwan da Dogara ya ce a cire, in yana so a kwantenar za a iya rage taya ɗaya ma.

Wani ya fashe da dariya, sauran suka ɗauka. Zakaria dai bai yi dariya ba. Ya ce, "Alhaji, fankokin nan da ka tsaya mini na tura Kumasi, me da me ka ce a cire?"

Dogara ya buɗe baki, hoda ta fito.

Ayi ta ajiye jar tukunya, ta miƙo tafin hannu. Ba wanda ya bukaci fassara. Dogara ya shiga ciniki, don shi kaɗai ya iya: a rufe mako guda, a rufe rabin filin, a bar safiya kawai. Hannun bai motsa ba. Ya ciro mukulli daga aljihu ya ɗora mata. Da ya waiwaya sai ya ga Hasiya. Ba ta yi masa masifa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Tsaye take tana kallon inda take baza kuɓewarta, hawaye yana zuba. Wallahi a nan ne abin ya soke shi, ya ji kunyar da bai taɓa ji ba tun zuwansa Sin.

Baƙi suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Hasiya ta share fuska da gefen mayafi, ta je kusurwa ta durƙusa, ta shiga tattara ƙasa da hannu tana mayarwa a akwatunan da suka saura, tana tsince albasar da ba ta mutu ba tana sake dasawa. Ayi ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonta. Har lokacin akwai maiƙon suya a leɓen tsohuwar, da ɗan jan yaji a haɓarta. Can ta dawo, ta kama hannun Hasiya mai ƙasa, ta danƙa mata mukullin. Sannan ta nuna Dogara, ta nuna ƙofa, ta gicciye hannayenta biyu a ƙirji. Ta maimaita har sau biyu don kada a ce ba a gane ba.

Kafin magariba an share wuri, an sake shimfiɗa tabarma. Hasiya ta hau da ragowar cinyar da ta soya, wadda ita kaɗai ta tsira a duk ragon, aka rarraba tsoka ɗai-ɗai da 'yan gida. Ayi ma ta zauna a kan kujerarta ta roba ta ƙara. Dogara yana kan matakala, bayan ƙofar ƙarfe mai raga, ya yi wanka amma girar ba ta dawo ba. Daga nan yake sanar da su cewa suyar ta so ta yi gishiri, kuma da an bar shi ya ɗan daidaita wutar da yanzu ana cin gashi.

Hasiya ta zo ta miƙa masa tsokarsa ta cikin raga, mukulli yana lilo a wuyanta. Ya karɓa, ya sassauta murya. Ya ce haba uwargida, ai tsakaninsu ba ta ɓaci, ta ɗan buɗe ya shigo, ba zai taɓa komai ba. Ta girgiza kai. Ya ce to ya zauna a bakin ƙofa daga ciki. Ta girgiza kai. Ya ce to ƙafa ɗaya kawai, ɗayar tana waje, wannan ai farashin ƙarshe ne.

Ta dube shi, ga ɓarin gashin baki, ga goshi sumul. Ta danne dariyarta, ta gwada kwaɗon ta tabbatar ya kama.

"Meyo, lawban," in ji ta, ta koma wajen kuɓewarta.